Darasi na 9: Yanar da Ke Riƙe Gashi, Take Zaunar da Kwalliya

Manufofin darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya:

1. faɗin ma'anar polima, tare da misali daga cikin gidansa;
2. bayyana yadda jel mai ruwa-ruwa ke komawa siririyar yana a kan gashi ko fata;
3. gane sunayen sinadarai masu yin yana a jikin kwalba ko roba;
4. faɗin dalilin da ya sa jel ke zubar da farin gari da hunturu, ya yi danƙo da damina;
5. bambance yanar da ruwa ke wankewa da wadda ba ta jin ruwa.

1. Mu fara daga kwanon kunu

Duk wanda ya taɓa ajiye kunu ya huce ya san abin da ke kwanciya a samansa. Ruwan da ke sama ya bi iska, abin da ya rage ya haɗe wuri guda, har a iya ɗaga shi da ludayi. Wannan ita ce yana. Almajiri mai dafa tawada shi ma ya san aikin, ko da bai san sunansa ba. Yakan jefa ƙaro a cikin tawadar, domin idan rubutu ya bushe, ƙaron ne ke riƙe baƙin a jikin allo, ya kuma ba shi sheƙi. Mai wanki da guga yakan tsoma shadda a ruwan sitaci, ya shanya, ta bushe ta tsaya ƙyam.

Hanyar guda ce a duk ukun. An narkar da wani abu a ruwa, an shimfiɗa shi, ruwan ya tafi, abin ya zauna. Jel ɗin da makitsiya ke kwantar da gashin goshi da shi, da feshin da ake yi wa gashin amarya, da hodar ruwa da ke wuni a fuska ba ta goge ba, duk a kan wannan hanya suke. Bambancin kawai shi ne, abin da ke cikinsu ba daga itacen ƙaro ko rogo ya fito ba. A masana'anta aka haɗa shi.

> AKWATIN MA'ANA
> Yana: siririyar shimfiɗa da ke saura a kan wani abu bayan ruwan da ya ɗauko ta ya bushe. A karanta kalmar da jan sauti, kamar yadda ake cewa yanar kunu.
> Sinadari mai yin yana: duk abin da ake sawa a man kwalliya domin ya bar irin wannan shimfiɗa a kan gashi, fata ko farce.

2. Mece ce polima?

Ku ɗauki carbi. Ɗan carbi guda ƙaramin abu ne, yana iya faɗuwa ya gangara ƙarƙashin gado. Amma idan aka shirya 'ya'ya da yawa a zare ɗaya, an sami wani abu dabam, wanda ake iya naɗewa, a rataye, a ɗaura a hannu.

Haka sinadarai suke. Akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, waɗanda ake iya ƙulla su ɗaya bayan ɗaya har su zama doguwar sarƙa. Ƙwaya guda ita ce monoma. Sarƙar ita ce polima. Wani masani Bajamushe, Hermann Staudinger, shi ya fito da wannan bayani a shekarar 1920. Abokan aikinsa da yawa sun ƙi yarda da shi da farko, amma a 1953 aka ba shi lambar yabo ta Nobel saboda wannan aiki.

Polima ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Sitaci polima ce, haka ƙaro, haka auduga. Gashin kanmu ma da polima aka gina shi, wadda ake kira keratin. Waɗannan halittattu ne. Akwai kuma na haɗi, irin su leda, nailan da robar bokiti.

Na san wasu za su ce, ashe leda muke shafawa a ka? A'a. Dangantaka daban, hali daban. Leda ba ta narkewa a ruwa, amma polimar da za mu fi magana a kanta a wannan darasi tana narkewa kamar sukari a shayi.

> AKWATIN MA'ANA
> Monoma: ƙaramar ƙwayar sinadari guda, kamar ɗan carbi ɗaya.
> Polima: doguwar sarƙa ta monoma masu yawa.
> Kofolima: sarƙar da aka shirya da monoma iri biyu ko fiye, kamar carbi mai 'ya'ya baƙi da fari.

Gwaji a gida. Ku narkar da gishiri a ƙaramin kofi, ku jiƙa ƙaro a wani. Ku shafa kowanne a gefe guda na farantin tangaran, ku ajiye a rana. Gefen gishiri zai bar tsaki-tsaki, wanda yatsa ke sharewa. Gefen ƙaro zai bar shimfiɗa mai sheƙi da ta manne. Ƙwayoyin gishiri ƙanana ne, ba su da tsawon da za su sarƙe. Sarƙoƙin ƙaro dogaye ne, suna cuɗewa da juna kamar zaren da yaro ya yamutsa, kuma wannan sarƙewar ita ce yana.

3. PVP: daga ina ta fito?

Cikakken sunanta polibinil-firolidon, amma a jikin kwalba haruffa uku za ku gani: PVP. Farin gari ce, ba ta da wani wari, tana narkewa a ruwa da kuma alkohol.

An fara haɗa ta a garin Ludwigshafen na ƙasar Jamus, a ɗakin binciken Walter Reppe, kuma an nemi rajistar ƙirƙirarta a 1939. Tushenta iskar asitilin ce, wato iskar nan da masu walda ke samu idan suka zuba wa kabaid ruwa. Reppe ya gano hanyoyin sarrafa wannan iska mai saurin fashewa ba tare da ta tashi da masana'anta ba, daga nan ya bi mataki-mataki har ya kai ga monomar da ake ƙulla PVP da ita.

Ba don kwalliya aka fara amfani da ita ba. A Yaƙin Duniya na Biyu likitocin sojan Jamus sun riƙa ɗura ruwanta a jijiyar waɗanda suka zubar da jini da yawa, a madadin ruwan jini. Daga baya ta shiga kantin magani, kuma har yau tana nan. Da ita ake ɗaure garin wasu ƙwayoyin magani don kada su wargaje. A 1955, a birnin Philadelphia na Amurka, aka haɗa ta da aidin, aka sami ruwan nan mai ruwan ƙasa-ƙasa da ake wanke rauni da shi a asibiti, wanda bai kai tsohon aidin zafi ba.

Ta shiga gashi ne a shekarun 1950. Kafin nan feshin gashi na farko da shalak ake yin sa, wani irin ƙaro da wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, wanda kafintoci ke goge katako da shi. Shalak na riƙe gashi sosai, sai dai ba ya jin ruwa, fitar da shi daga ka aiki ne ja. Da PVP ta zo, mata suka sami abin da ke riƙe gashi da rana, ya fita da sabulu da dare.

4. Abin da ke faruwa a kan gashi

Idan aka shafa jel, ruwansa yakan bi jikin kowane silin gashi, ya taru musamman a inda sili biyu suka haɗu ko suka gitta. Sai ruwan ya bushe. A kowace mahaɗa sai a bar ɗan ɗigon polima busasshe, kamar yadda mai walda ke ɗiga wa ƙarafa biyu wuta su manne. Dubban irin waɗannan ɗigo su ke sa gashi ya tsaya inda aka kwantar da shi. Yanar kuma tana cike kaushin jikin sili, haske ya riƙa sulɓewa a kai, shi ya sa gashin ke sheƙi.

Tsawon sarƙa yana da tasiri. Masu haɗa kayan kwalliya suna sayen PVP da lamba, misali K-30 ko K-90. Sarƙar K-30 'ya'yanta ɗaruruwa ne, ruwanta tsararo, ta dace da feshi. Sarƙar K-90 'ya'yanta dubbai ne, ruwanta mai kauri da yauƙi, riƙonta mai ƙarfi, ta fi dacewa da jel.

Ga abin da nake so ya zauna a zukatanku fiye da komai a wannan darasi. Yana a waje take. Riƙewa take yi, ba ciyarwa ba. Silin gashin da muke gani ba shi da rai, daga saiwarsa a cikin fatar kai yake tsirowa, wajen santimita ɗaya a wata. Abin da aka shafa a jikin sili ba ya sa saiwa ta ƙara sauri. Idan mai talla ya ce jel ɗinsa na sa gashi tsawo, to, ba PVP ɗin da ke ciki ke wannan aiki ba. Kauri da sheƙin da kuka gani a madubi na gaske ne, amma aro ne, wanki ɗaya zai karɓe shi. Yana ba ni takaici in ga mace ta rage kuɗin cefane ta sayi robar jel da fatan gashin goshinta zai dawo, alhali abin da gashin ke nema shi ne a sassauta masa kitso.

Misali na 1. Wata mai haɗa kayan kwalliya tana so ta yi jel giram 250, da PVP kashi 3 cikin 100. Giram nawa za ta auna?

Kashi 1 cikin 100 na 250 shi ne 250 ÷ 100 = 2.5.
Kashi 3 kuwa 2.5 × 3 = giram 7.5.

Ku duba wannan lamba da kyau. A roba mai giram 250, abin da ke yin riƙon bai wuce giram 7.5 ba. Mafi yawan sauran ruwa ne, sai ɗan sinadarin da ke kaurara shi, da turare, da abin hana lalacewa.

5. Hunturu da damina

PVP tana da hali guda da ya zama mata alheri, ya kuma zama mata aibi: tana son ruwa. Ko ba a zuba mata ba, takan zuƙo shi daga iska, kamar yadda gishiri ke jiƙewa a kwano cikin watan Agusta. Tana iya shan ruwan da ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na nauyinta.

Da damina, iska cike take da laima. Yanar da ke kan gashi sai ta sha ta yi laushi. Mahaɗun nan da muka kwatanta da walda su saki, gashin da aka kwantar da safe ya miƙe kafin azahar, idan aka taɓa a ji danƙo, ƙura kuma ta samu wurin zama. Gumi ma haka yake yi, shi ya sa wadda ta wuni a gindin murhu ko a wajen biki ke ganin gashin goshinta ya tashi.

Da hunturu labari ya juya. A Kano, Sakkwato ko Damagaram laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a wasu ranakun. Yanar sai ta bushe ƙayau, ta rasa laushi, ta zama kamar busasshen ƙaro. Da an ɗaura ɗankwali ko an sa mataji sai ta farfashe, ta zubo fari-fari a kafaɗa. Da yawa sukan ɗauka amosani ne, su shiga neman magani. Ga yadda za a bambance: garin jel yakan ɓace da wanki guda kuma ba ya dawowa sai an sake shafawa, amosani kuwa daga fatar kai yake fitowa, yakan zo da ƙaiƙayi, kuma yakan dawo ko ba a shafa komai ba.

Masana sun nemi mafita ta hanya biyu. Ta farko, su zuba gilisarin ko makamancinsa a cikin jel, ya riƙe ɗan danshi don yanar ta yi laushi kada ta karye. Ta biyu, su canza carbin kansa. Suka riƙa saka wata monoma da ba ta son ruwa a tsakanin 'ya'yan PVP, wato binil-asitet, wadda da ita ake yin farin gam na kafintoci. Abin da aka samu shi ne kofolimar da ake rubutawa VP/VA Copolymer. Wani sanannen haɗi shi ne kashi 60 na mai son ruwa da kashi 40 na marar so. Idan aka ƙara kason marar son ruwa, yanar ta fi jure laima, amma ta fi wuyar wankewa. Ba a samun duka biyu a lokaci guda, sai dai a zaɓi inda za a tsaya a tsakani.

> AKWATIN MA'ANA
> Laimar iska: yawan tururin ruwa da ke cikin iska. Tana hawa da damina, ta sauka da hunturu.
> Mai tausasa yana: sinadari irin gilisarin da ke hana yana bushewa har ta karye.

Misali na 2. A ce busasshiyar yanar PVP da ke kan wata mata giram 2 ce. Idan ta sha ruwa kashi 40 cikin 100 na nauyinta, giram nawa ta sha?

2 × 40 ÷ 100 = giram 0.8.

Nauyinta ya koma giram 2.8. Abin da kusan sulusinsa ruwa ne ba zai iya riƙe gashi da ƙarfi ba.

Misali na 3. Wata makitsiya ta lura cewa cikin watan Janairu masu zuwa wurinta suna kukan farin gari a goshi. Ga yadda take yi: ta shafa man kaɗe da yawa, ta ɗora jel mai kauri a kai, idan ya bushe ta sake tajewa ta ƙara wani. Ina kuskuren?

Kurakuran uku ne. Mai da yawa yana hana yanar manne wa gashi, sai ta zauna a kan man tana ɓarewa. Shafi mai kauri ya fi siriri saurin tsagewa. Taje busasshen jel kuwa karya yanar ne da hannu. Gyaran shi ne ta rage man, ta shafa jel kaɗan a gashi mai ɗan danshi, ta ɗaure da ƙyalle ya bushe. Idan ana son gyara daga baya, a ɗan yayyafa ruwa, yanar za ta yi laushi ta sake kamawa ba tare da an ƙara komai ba.

6. A kan fata

A fata aikin yana shi ne riƙe wani abu a inda aka sa shi. A hodar ruwa da janbaki da baƙin gashin ido, ita ke hana launi gangarowa da gumi. A man kariya daga rana, ita ke hana maganin wankewa da wuri. A Amurka doka ta ce irin wannan mai ya rubuta ko minti 40 ko minti 80 yake jure ruwa, ba a yarda ya ce ruwa ba ya taɓa shi sam ba. Nan ba PVP zalla ake sawa ba, tunda tana narkewa. Ana amfani da 'yan uwanta marasa son ruwa, irin su VP/Eicosene Copolymer, Acrylates Copolymer da Trimethylsiloxysilicate.

Akwai kuma abin shafa fuska da ake bari ya bushe a ɓare shi kamar fatar albasa. Polimarsa Polyvinyl Alcohol ce. Idan tana bushewa takan tsuke, a ji fuska ta ɗame. Wasu mayukan da ake cewa suna ɗauke tamoji nan take da irin wannan tsukewa suke aiki, kuma tamojin na nan yana jiran a wanke fuska.

7. Karanta jikin kwalba

A bayan kowace kwalba ta gaskiya akwai jeri a ƙarƙashin kalmar Ingredients. Sunayen iri ɗaya ne a kusan duk duniya, ko daga Faransa kayan suka zo ko daga Legas, domin ana bin wani tsari da ake kira INCI. Ƙa'idar da akasarin ƙasashe ke bi ita ce a fara da abin da ya fi yawa, a riƙa sauka. Abubuwan da ba su kai kashi 1 cikin 100 ba ana iya jera su a ƙarshe yadda aka ga dama.

Misali na 4. Ga jerin wani jel: Aqua, PVP, Glycerin, Carbomer, Triethanolamine, Parfum, Phenoxyethanol.

Aqua ruwa ne, shi ya fi yawa. PVP ce mai riƙo. Glycerin shi ne mai tausasa yana. Carbomer ma polima ce, amma aikinta kaurara ruwa ya zama jel, kuma Triethanolamine ke taimaka mata ta kumbura. Parfum turare ne. Na ƙarshe yana hana ƙwayoyin cuta tsira a cikin robar. Daga wannan jeri kaɗai mun san abu biyu: jel ɗin zai fita da ruwa cikin sauƙi, kuma ba zai jure damina sosai ba.

Wani suna da za ku riƙa gani a man laushin gashi shi ne Polyquaternium da lamba a gabansa, kamar 7 ko 11. Waɗannan suna manne wa gashi kamar maganaɗisu, suna sa mataji ya wuce sumul. Saboda wannan mannewa, ɗauraya da ruwa kaɗai ba ta cire su duka, sukan taru idan an daɗe ba a wanke kai da shamfu ba, gashi ya yi nauyi ya dushe.

A Najeriya ku duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Jel ɗin da aka ɗura a robar da ba rubutu, komai arharsa, ba wanda ya san abin da ke ciki.

8. Ruwa, wanka da alwala

Tambayar ko kayan kwalliya na hana ruwan wanka da alwala isa ga fata takan taso a kowane aji, kuma ta cancanci amsa a natse. Littattafan fiƙihu sun yi magana a kan abin da ke shiga tsakanin ruwa da fata. Hukunci na malamai ne. Abin da wannan darasi zai iya ba ku shi ne sanin halin abin da kuka shafa, don ku kai wa malami tambaya sahihiya.

Kayan kwalliya sun kasu uku ta wannan fuska. Akwai mai rini, kamar lalle, wanda launinsa ke shiga keratin ɗin fata da farce, ba ya barin shimfiɗa bayan an wanke ganyen. Akwai mai yana da ke narkewa, kamar jel na PVP, wanda ruwa ke jiƙa shi ya saki. Akwai mai yana da ba ta jin ruwa, kamar jan farce na kanti da hodar da aka ce tana wuni, waɗanda sai da asiton, ko man goge kwalliya da sabulu suke fita.

Gwajin mai sauƙi ne. Ku shafa kaɗan a bayan hannu, ku bari ya bushe sarai, ku ɗiga ruwa. Idan wurin ya yi santsi ya murje da yatsa, mai narkewa ne. Idan ruwan ya dunƙule ya gangara kamar a kan leda, ba ya jin ruwa.

9. Lafiya da hattara

Sarƙar PVP ta yi girman da ba za ta ratsa lafiyayyar fata ba, kuma kwamitin masana da ke tantance sinadaran kwalliya a Amurka ya bayyana ta a matsayin marar illa a yadda ake amfani da ita. Akan sami wanda jikinsa bai karɓe ta ba, amma ba kasafai ba. Yawancin ƙaiƙayin da ake ɗora wa jel daga turare ko abin hana lalacewa yake. Kafin fara sabon mai, a shafa kaɗan a cikin dantse ko bayan kunne, a jira kwana biyu. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura ko ya yi ƙuraje, a bar shi. Kada a shafa a kan rauni ko makero.

Haɗarin da ya fi kusa da mu yana cikin gwangwanin feshi. A ciki akwai alkohol da iskar gas irin ta girki, duka masu kamawa da wuta. Kada a fesa kusa da murhu, risho, fitila ko kaskon turaren wuta. Ɗakin amarya ya fi ko'ina buƙatar wannan gargaɗi, domin a nan ne feshi da garwashi ke haɗuwa a ɗaki rufe. A buɗe taga, a kare ido, kada a shaƙa, kada kuma a jefa gwangwanin a wuta ko da ya ƙare.

Game da gashin goshi da ke zubewa, babban mai laifi kitso ne mai tsauri da ake ja kullum. Jel na ƙara wa abin zafi idan aka bar shi ya yi kwanaki yana taruwa, ana kartar sa da buroshi a bushe. A jiƙa kafin a taje, a wanke kafin a ƙara.

Abin da aka wanke kuma kwata yake bi. PVP tana narkewa, amma ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da datti suna daɗewa ba su cinye ta ba. A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar taƙaita ƙananan ƙwayoyin roba a kayan masarufi, dokar kuma ta ware polimomi masu narkewa a ruwa, ba ta haɗa da su ba.

Tambayoyin bita

1. Da kalmominka, mece ce polima? Kawo biyu halittattu da biyu na haɗi.
2. Me ya sa ruwan ƙaro ke barin yana, ruwan gishiri bai bari?
3. A wace ƙasa aka fara haɗa PVP, kuma wane aiki ta fara yi kafin ta shiga kayan kwalliya?
4. Wane aibi ne shalak ke da shi a matsayin feshin gashi?
5. Cike gurbi: Da damina yanar PVP takan yi ______, da hunturu kuwa takan ______.
6. Gaskiya ko ƙarya: PVP tana sa gashi ya yi tsawo. Kawo dalili.
7. Roba tana da jel giram 400, da PVP kashi 2 cikin 100. Giram nawa ne PVP?
8. Ta yaya za ka bambance garin jel da amosani?
9. Wata mata a Fatakwal, inda ruwan sama ke da yawa, tana zaɓe tsakanin jel mai PVP kaɗai da mai VP/VA Copolymer. Wanne za ka ba ta shawara, kuma me za ta lura da shi wajen wankewa?
10. Faɗi abubuwa uku da ba a yi da gwangwanin feshi.

Aikin gida. Kowa ya zo da kwalba ko robar man gashi ko na fata guda daga gida. A kwafi sunaye biyar na farko a jerin da ke bayanta, a ja layi a ƙarƙashin duk wanda ake zaton mai yin yana ne, a yi gwajin ɗigon ruwa a bayan hannu, sannan a rubuta abin da aka gani cikin jimla uku.